Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Zamfara: Kafin a Sa Hannu a Kwangilar Manhaja ta Gaba

Mai Girma Gwamna Dauda Lawal,
ta hannunka kuma zuwa ga 'yan Majalisar Dokokin Jiha da duk jami'in da ke sa hannu a takardar kwangila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, sana'ata gyaran kwamfuta da rubuta ƙananan manhajoji a nan Gusau. Na rubuto ne a kan abin da ba a cika kawowa gaban gwamna ba, domin ba ya tada ƙura kamar tsaro ko albashi, wato manhajojin da gwamnati ke saye da kuɗin jama'a. Albashi ta kwamfuta ake biyansa yanzu, haraji ta nan ake son karɓa, katin asibiti da sakamakon jarrabawa duk can suka nufa. Ina cikin masu murna da wannan tafiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ma'aunin da ake zaɓe da shi. A ofisoshi da yawa, da zarar an ji cewa manhajar ta babban kamfani ce daga Amurka ko Indiya, wakilinsu ya iso daga Legas da kwat da majigi, to magana ta ƙare, an gama yarda cewa tana da inganci. In kuwa aka ce kyauta ce, kowa na iya duba cikinta, ko aka ce wani yaro ne daga Ƙauran Namoda ya rubuta ta, sai a taɓe baki. Roƙona a canza wannan ma'auni.

Girman kamfani ba ya hana manhajarsa cutar da mutane. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta fara aiki da wata manhajar lissafi mai suna Horizon a 1999, wadda kamfanin Fujitsu ya yi. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan da ba a taɓa ko sisi ba. Masu riƙe da rassan suka yi ta rantsuwa, aka ce musu kwamfuta ba ta ƙarya. Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta sama da mutum 900 bisa zargin sata da almundahana. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin da babu shi, wasu abin kunyar ya kai su ga kashe kansu. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar cike take da kurakurai, a 2024 kuma majalisar ƙasar ta yi doka ta wanke waɗanda aka hukunta. Abin ya ɗauki wannan tsawon lokaci ne saboda wanda ake tuhuma ba shi da ikon leƙa cikin manhajar da ke ba da shaida a kansa, waɗanda ke da ikon kuma su ne masu sunan da za a kare.

Mai Girma Gwamna, ka dubi mai karɓar haraji a kasuwar Shinkafi, ko akawun albashi a Bakura. Idan gobe na'ura ta ce kuɗin hannunsa bai cika ba, ko ta jefa sunan malamin firamare na gaskiya cikin ma'aikatan bogi, wa zai tsaya masa ya ƙaryata kwamfuta? Mutanen Birtaniya suna da lauyoyi da jaridu da majalisa, duk da haka sai da suka shekara kusan 20 kafin a saurare su.

Ko a bayan nan, ranar 19 ga Yuli 2024, kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa gyara mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows suka sume lokaci guda, a ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage tiyata. Kamfanin da aka biya don ya tsare ne ya yi ɓarnar.

Ban ce manyan kamfanoni ba su iya aiki ba. Saƙon murya na WhatsApp yana ratsa sabis mai rauni ya isa ƙauye, kuma duk akawun da ya ƙware a Excel ya san kayan aiki ne na gaske. Suna da ƙwararru da kuɗi. Sai dai kamfani yana bin kasuwar da ke biyansa ne. Injiniyan da ke Kaliforniya ko Bangalor yana gwada aikinsa a kan intanet mai gudu, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kwamfutar bana. Bai taɓa zama a ɗakin kati ana jiran a tada janareta ba. Manhajarsa za ta tilasta a sa ranar haihuwa da adireshin imel kafin ta wuce gaba, sai ma'aikaci ya riƙa cika wa duk tsohuwar da ta zo 1 ga Janairu. Za ta ga Ɗahiru ko Ƙasimu ta mayar da harafin farko alamar tambaya. Idan muka kai kuka, kukan jihar da cinikinta bai kai ɗigo ba a lissafin kamfanin, sai ya bi layi bayan na bankunan Turai. Ga kuma wata illa ta cikin gida: wanda ke saye daban, wanda zai zauna gaban na'urar daga safe zuwa la'asar daban, kuma ba a cika tambayar na biyun ba.

Mu a Zamfara mun ga gwajin da ba kowa ya gani ba. A farkon Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar nan saboda farmakin da ake kai wa 'yan bindiga. Makonni aka yi, mutane na hawa mota su bar jihar don kawai su buga waya. A cikin kwanakin nan aka aiko yaro ya kira ni wani asibiti da ke ajiye katin marasa lafiya a wata manhaja mai tsada. Na tarar da benci cike da mata da goyo. Ma'aikaciyar kati ta nuna mini allon ta ce, "Malam, wagga na'ura ta ƙi buɗewa tun shekaranjiya, mi za mu yi?" Kwamfutar lafiyarta ƙalau, ga wuta. Manhajar ce ba ta buɗewa sai ta gaisa da rumbun kamfanin a ƙasar waje, kuma bayanan majinyatan duka suna can. Lambar neman taimako tana manne a jikin bango, babu sabis ɗin kiranta. A gabana likita ya sa aka mayar da jikan wata dattijuwa mai hawan jini gida ya ɗauko kwalin maganin da take sha, domin ta nan kaɗai zai san abin da ya rubuta mata a baya. Babu abin da na iya yi musu. Manhajar a rufe take, ba a bar wa mai gyara ko kafar allura ba.

A daidai wannan lokaci, ma'aikatan da ke tattara bayanai da ODK a kan ƙananan wayoyi sun ci gaba da cike fom ɗinsu. ODK buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato wadda kowa ke iya duba cikinta ya gyara, da aka fara a Jami'ar Washington a 2008, an kuma gina ta ne tun farko don wurin da babu sabis: tana ajiye komai a cikin wayar, ranar da aka samu intanet ta tura. An yi aiki da ita sosai a yaƙin da aka yi da shan inna a arewacin ƙasar nan. Har yau akwai ƙauyuka a Zurmi da Maru da Tsafe da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya ta sabis. Manhajar da ba ta aiki a can, ko wane ne ya yi ta, ba ta da inganci a wurinmu.

Sai batun dala. A Mayu 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Manyan kamfanoni da yawa sun daina sayar da manhaja a biya sau ɗaya, haya suke bayarwa shekara-shekara. Duk ma'aikatar da ke biyan lasisi da dala ta ga kuɗinsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara mata komai ba, ranar da ta kasa biya kuma a rufe mata ƙofa da bayananta a ciki.

Don 'yan majalisar da ba fanninsu ba ne, ga bambancin a taƙaice. Kowace manhaja tana da rubutun asali, layi-layin umarnin da mutum ya zauna ya rubuta. Rufaffiyar manhaja izinin amfani kawai ake ba ka, rubutun yana hannun kamfani. Buɗaɗɗiya kuwa ana ba ka har da rubutun, da izinin dubawa da gyarawa da rabawa. Kamar rijiyar burtsatse ce: akwai wadda ɗan kwangila ya gina ya kulle ɗakin injin ya tafi da makulli, in ta tsaya sai an jira shi daga Abuja, akwai wadda aka bar wa gari makulli da zanen aikin, kowane makaniki na iya kwance ta.

Kuma wannan kaya ba na 'yan koyo ba ne. Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, wadda wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, ita ce ƙashin bayan Android, wato tana cikin aljihun kusan duk mai babbar waya a kasuwar Gusau. Kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duka da ita suke aiki tun 2017. Microsoft kansa ya sayi GitHub, dandalin da ake ajiye irin waɗannan rubuce-rubuce, a kan dala biliyan 7.5 a 2018. Manyan kamfanonin a kan buɗaɗɗiyar manhaja suke ɗora nasu gini, sa'annan su sayar mana.

Ba ma sai an je nesa ba, tana cikin ma'aikatar lafiyarka. Rahoton wata-wata da asibitocin ƙananan hukumomi 14 ke turawa, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, cikin DHIS2 yake shiga, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda gomman ƙasashe ke amfani da ita. SORMAS ta fi ba ni sha'awa. Bayan Ebola ta shigo Legas a 2014, masana daga Najeriya da Jamus suka haɗu suka gina ta don bin sawun annoba, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta karɓe ta. Da korona ta zo a 2020, ofisoshin lafiya na Jamus suka ɗauki wannan manhaja da aka fara gwadawa a Najeriya suka yi aiki da ita. An gina ta da mutanen da za su yi amfani da ita, a wurin da za a yi amfanin, shi ya sa ta tsaya da ƙafarta.

Amma ranka ya daɗe, kada wani ya zo ya ce maka kyauta ce, ba a kashe ko kwabo. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2014 aka gano ɓarakar da aka kira Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin babban kaso na shafukan intanet. Da aka bincika, sai aka tarar mutane ƙalilan ne ke kula da ita, gudummawar da suke samu kuma wajen dala 2,000 ce a shekara. Duniya na cin moriya, babu mai biyan masu gadi. A Maris 2024 kuma aka kama wata ɓoyayyiyar ƙofa da wani ya dasa a cikin xz, wata ƙaramar manhaja da ke cikin Linux. Sama da shekara biyu ya yi yana taimaka wa mai kula da ita, wanda aiki ya yi wa yawa shi kaɗai, har ya samu amana. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura cewa shiga wata na'urarsa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya bazu. Hatsarin na gaske ne. Amma an kama shi ne domin rubutun a buɗe yake, mutumin da ba a sa shi aikin ba ya iya dubawa. Masu rassan gidan waya na Birtaniya ba su samu wannan dama ba.

Sauya tsarin ofis ma yana son haƙuri. Birnin Munik na Jamus ya mayar da kwamfutocinsa kan Linux, ma'aikata suka yi ta ƙorafi, shugabancin birnin ya canza, a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. Duk da haka a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar ta sanar da mayar da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice, buɗaɗɗiyar takwarar Word da Excel, da Linux, mataki-mataki. Wanda ya tsallake horar da ma'aikata zai sha irin ta Munik.

Yanzu ga 'ya'yanmu. Na san wani matashi da ya gama kwalejin kimiyya da fasaha, ya rubuta wa wata makaranta mai haɗa boko da Islamiyya manhajar sakamako da kuɗin makaranta. A cikinta akwai gurbin hadda da tajwidi da fiƙihu. Tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ yadda suke. Ta san cewa uba na iya biyan rabi yanzu, ya ce sauran sai kaka in an sayar da waken suya, ta riƙe masa lissafin ba tare da ta hana yaron katin jarrabawa ba. Tana aiki a kan tsohuwar kwamfuta ɗaya ba tare da intanet ba. Shugaban makarantar zai kira shi bayan azahar ya ce jimillar aji uku ba ta fito daidai ba, kafin isha'i ya zo a Keke Napep ya gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu kamfanin ƙetare da zai yi wa makaranta mai ɗalibai ɗari uku wannan hidima.

Rauninsu ma na san shi, don ina cikinsu. Mutum ɗaya ne, komai na cikin kansa da kwamfutarsa. Ba ya rubuta bayanin yadda ya gina abin, ba kullum yake ajiye kwafin bayanai a wani wuri ba, tsaron kalmar sirri ma wani lokaci sai a hankali. Na ga wata makarantar da wanda ya yi mata manhaja ya samu aiki a Abuja ya canza layi, sakamakon shekaru ya maƙale, aka koma rajistar takarda. Rufaffiyar manhajar ɗan gida da ta baƙo duk ciwo ɗaya suke jawowa. Saboda haka abin da zan roƙa ya hau kan kowa, har da ni.

Babban roƙona ga Majalisa ne, kuma sakin layi ɗaya ne a dokar sayen kayan gwamnati: duk manhajar da aka rubuta wa jihar nan da kuɗinta, rubutun asalinta da bayanin yadda aka gina ta mallakar jiha ne, a damƙa su kafin a biya kuɗin ƙarshe. In kuma ta haya ce da ba za a ba da rubutunta ba, to bayanan da ke ciki namu ne, a rubuta a kwangila cewa za mu iya kwashe su duk ranar da muka so, a sigar da wata manhaja za ta iya karantawa, kuma kwafi yana nan cikin jiha. Suwizalan ta riga ta yi dokar da ta wajabta wa gwamnatin tarayyarta buɗe rubutun manhajojin da aka yi mata. Mu ma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma da wuya ma'aikata ta tsare abin da ba ta san inda yake ba. A haɗa da ikon gayyato masani daga waje ya duba. A Mayu 2025 shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa kuskuren na'ura ya ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. An kai ga haka ne bayan an bar masana daga waje sun duba tsarin.

Gwaji kuma a daina yin sa a ɗakin taro na otal. A kai manhajar ƙaramin asibiti a Bukkuyum ko Birnin Magaji, a kashe intanet, a zare wuta ana tsakiyar aiki, a zaunar da ma'aikacin da zai riƙa amfani da ita, a ga abin da zai faru. Rahotonsa ya shiga cikin makin da za a ba 'yan kwangila. Wanda ya ci wannan gwaji a ba shi, ko daga ina ya fito.

A kasafin kuɗi a ware na kulawa da horarwa, shekara-shekara, kamar yadda ake ware na man janareta. Kuɗin da ake turawa waje na lasisi, ko kashi ɗaya cikin uku aka juyo da shi, zai riƙe ƙaramar tawagar ma'aikatan jiha masu kula da waɗannan manhajoji. Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejin Ƙauran Namoda da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara suna yaye masu ilimin kwamfuta kowace shekara, mafi yawansu suna ƙarewa a rumfar POS ko su bar jihar. Ba za su taɓa cin kwangilar da aka dunƙule wuri ɗaya aka ce sai kamfani mai shekara goma da ofis a Abuja ba. A gutsuttsura aikin: rajistar ɗalibai daban, lissafin magani daban. A kuma biya a kan lokaci, domin babban kamfani na iya jiran shekara, yaron da ya ci bashin kwamfuta ba zai iya ba. Gwamnatin Tarayya ta sa fasahar sadarwa cikin kayan da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya ce a fifita na gida wajen sayensu; wannan umarni ma'aikatun tarayya ya ɗaure, jiha sai ta yi nata.

Akwai wurin da za a iya farawa ba tare da jiran doka ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tura gyaran tsaro na Windows 10 sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi, Windows 11 kuma ba ta hawa kan tsofaffin kwamfutoci da yawa. Irin waɗannan ne suka cika ɗakunan kwamfuta na makarantunmu, wasu ma da Windows ta sata da ƙwayoyin cuta. Za a zo maka da takardar sayen sababbi. Kafin a sa hannu, a san cewa yawancinsu za su ɗauki Linux da LibreOffice su yi aiki lafiya, a kuma zuba musu Kiwix, wadda ke buɗe Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya sun shekara da shekaru a kan wannan hanya. A ba mu ɗakin kwamfuta ɗaya a makarantar sakandaren gwamnati ɗaya a kowace shiyyar sanata, na zangon karatu ɗaya. Mu masu wannan sana'a a Gusau za mu haɗu mu girka, mu horar da malaman, ma'aikatar ilimi ta turo nata mai duba ya rubuta abin da ya gani, da mai daɗi da marar daɗi, a buga shi kowa ya karanta.

Allah ya yi maka jagora, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Wassalam,
Mai gyaran kwamfuta da rubuta manhaja,
Gusau, Jihar Zamfara.